Kwalabe Uku na Baba Labbo

Akwai ranar da har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ita ba. Wata Laraba ce, ina zaune gaban tafireta a ƙaramin ofishinmu na bakin kanal, kusa da Dakko, na buga wata kalmar Turanci mai baƙaƙe takwas. Ita ce kalmar da na soke miki da jan biro ɗazu, Nafisa, kika tura baki. Kin rubuta cewa rufin sito ya rufta "suddenly". Na san a bayan idona Baba Sadanli kuke kirana, ku da direbobi, don duk rahoton da ya zo teburina da ita sai na mayar da shi. Ba na jin haushi. Wata biyu ya rage in ajiye aiki, gara in gaya muku dalili da bakina, kada ku ɗauka rikicin tsufa ne. Ku jawo kujeru.

Lokacin ba a daɗe da gama dam ɗin Bakolori ba, an fara sakin ruwa ana noman rani. Ni mutumin wajen Dosara ne. Gonar mahaifina tana cikin waɗanda tafkin ya haɗiye, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na yi boko har na iya buga tafireta. Sai wani ƙaramin kamfanin kwangila ya ɗauke ni akawu. Ba zan kama sunansa ba, ya daɗe da watsewa. Aikinsa kula da wani reshen kanal ne a ƙasar Bakura. Kanal kuwa, ga waɗanda ba su taɓa gani ba, hanyar ruwa ce da aka haƙa, aka tayar mata da jinga ta ƙasa dama da hagu, ruwa yana tafiya a sama da gonaki. Idan jinga ta ɓalle, to gonakin da ke ƙasa sun shiga uku.

A kan gwaji aka ɗauke ni, wato shekara guda ana duban halina kafin a tabbatar da ni. Ofishin ɗaki ɗaya ne na kwano, da ɗan ɗakin kwana a jikinsa, ba gida kusa sai ka yi tafiyar da za ka sha rake guda ka gama. Ni kaɗai nake wuni, ni kaɗai nake kwana. A Dosara ana ce mini yaron masu dam, a Dakko ana ce mini ɗan kamfani. In na shiga gari sallar Juma'a ana amsa gaisuwata, amma ba mai matsa mini tabarma. Na yi kaɗaici a wurin nan, wallahi. Akwai ranakun da muryar da nake ji daga safe zuwa la'asar ba ta wuce ta belbela da ƙarar tafireta ba.

Mutum ɗaya ne ya ɗauke ni mutum, shi ne Baba Labbo, mai gadin jinga. Dattijo ne ɗan Dakko, siriri, yana ɗan ɗingishi, ya yi shekaru yana lambu a fadama kafin a san za a yi dam. Aikinsa ya bi jingar nan da ƙafa safe da yamma, ya kori dabbobi, ya duba ramin gafiya, ya ga ko wani ya fasa ya saci ruwa. Da la'asar sakaliya yakan biyo ta ofis da kwanon tuwo a ɗaure cikin ƙyalle, matarsa Inna Kulu ta aiko mini. Ba wanda ya sa su. Ya zauna a kan benci, mu yi gaisuwa. Ku yaran yanzu "ya aiki" kuke cewa ku wuce. Baba Labbo sai ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi mahaifina, ya tambayi sanyi, ya koma kan gajiya, sannan in akwai magana ta fito daga can ƙarshe, 'yar ƙarama.

Ga yadda tsarin rahoto yake. Mai gadi ya gaya wa obasiya, wato mai sa ido kan aikin, abin da ya gani. Obasiya ya cika fom ya sa hannu. Ni kuma akawu in shigar da fom ɗin a rijista, in buga kwafi a aika hedikwata a Talata Mafara. Ba ni da hurumin rubuta ko wasali a rijistar nan sai da fom. Makullin ƙofar ruwa ma a hannun obasiya yake, shi kaɗai ke iya rage ruwa ko rufewa. Obasiyanmu kuwa, Garba, a Mafara yake zaune da iyalinsa, Litinin Litinin yake zuwa a kan babur, ya zagaya, ya sa hannu, kafin azahar ya juya. Ba mugun mutum ba ne. Mai son raha ne, irin wanda in ya samu abin dariya a kanka sai ka gwammace duka.

Wata ranar Alhamis, alkama ta fara fitar da kai, Baba Labbo ya zo da kwanon tuwo a hannu ɗaya, kwalba a ɗayan. Irin kwalaben da mata ke auna man gyaɗa ne, an toshe bakin da totuwa, an ɗaura zaren kaba a wuya mai ƙulli ɗaya. Bayan mun gama gaisuwa ya ajiye ta a kan tagar ofis.

Ya ce, "Malam Akawu, ƙasa na zuhwa wajen tsamiyar can."

Na ce, "Zufa kuma, Baba, a sanyin nan?"

"Bayan jinga, inda ya kamata shi zan busasshe, ciyawa ta yi kore. Na tona kaɗan, wanga ruwa yat taru. Na ce in kawo maka ka gani."

Na ɗaga kwalbar na duba. Ruwa ne garai-garai, har ana iya sha. Na ce masa ba ni da ikon rubutawa, amma zan gaya wa obasiya. Ya ce to, ya gode.

Na cika alkawari. Ran Litinin da Garba ya zo na nuna masa kwalbar, na faɗa masa abin da tsoho ya ce. Akwai leburori huɗu a tsaye da ya zo da su yankan ciyawa. Garba ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta wajen rana, ya kanne ido ɗaya.

Ya ce, "Sahabi, yaushe ofishin nan ya koma asibiti? Tsoho ya kawo fitsarin kanal a gwada, kai kuma ka zama likita. To likita, me ka gani, shawara ce ko tsargiya?"

Leburori suka fashe da dariya har ɗaya yana riƙe ciki. Daga ranar Likita suka koma kirana. Garba ya ce kowace jinga tana ɗan tsattsafo, ba komai ba ne, ya hau babur ya tafi. Ina da shekara ashirin da huɗu a lokacin, da takardar makaranta da girman kai. Dariyar nan ta shige ni fiye da yadda nake zato.

Alhamis ta zagayo, Baba Labbo ya kawo ta biyu, ƙulli biyu a wuyanta. Ruwan ya yi fari-fari kamar ƙasarin gero. Ya ajiye ta kusa da 'yar'uwarta, ya ce, "Ga na yau." Na ce madalla. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, ba iri guda na ba da na rannan." Na ce na gani, Baba, zan faɗa. Ran Litinin Garba ya shigo yana cewa, "Likita, ya marasa lafiya?" Na haɗiye maganar kwalbar. Na miƙa masa takardun sa hannu, ya sa, ya tafi.

Za ku ce me ya hana tsohon ya fito fili ya ce jinga za ta ɓalle. Ni ma na yi wa kaina wannan tambayar shekara da shekaru, don neman wurin laɓewa. Mutanenmu na wancan zamani ba sa kiran masifa da sunanta kafin ta zo. In ka ce abu zai rushe ya kuma rushe, kai ka yi masa baki. Ga shi kuma alkamar garinsu tana neman ruwa, wanda duk ya sa aka rufe ƙofa a wannan lokaci sai ya yi wa gari bayani. Shi ya sa ya bar kwalba ta yi maganar. Ni ɗan ƙauye ne, na san wannan sarai, ba baƙon Bature ba ne ni. Na fahimci abin da yake nufi, na yi kamar ban fahimta ba.

Ta uku ba ta jira la'asar ba. Ran Asabar da hantsi ya zo, ba tuwo, ba doguwar gaisuwa, abin da bai taɓa yi ba. Ruwan cikin kwalbar ja ne kamar kunu, kafin ya zauna ma laka ta kwanta a gindi kaurin yatsa biyu. Ƙulli uku.

Ya ce, "Malam Akawu, kana da keke. Mafara ba nisa ta ba ga yaro."

Na ce, "Baba, yau Asabar, gobe Lahadi, ofis a rufe. Jibi dai obasiya zai zo da kansa."

Ya ce, "Allah shi kai mu."

Na san gidan Garba a Mafara, da na je da na same shi. Abin da na hango kawai shi ne in isa ƙofar gidansa da gumi da kwalba a hannu, yana zaune da abokansa, ya ce ga Likita ya kawo ziyara.

Ran Litinin, rana ta ɗan ɗaga, ina share ofis, na ji wata ƙara kamar an juye tifar yashi, sai kuma ihu daga nesa. Kafin in isa wajen tsamiya jinga ta buɗe baki, faɗin da mota za ta shige, ruwa yana kwarara cikin gonaki. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma alkama da albasar mutanen Dakko na wannan gefen duk yashi ya binne su, ana saura 'yan makonni a girbe. Na ga magidanta tsaye cikin ruwa har gwiwa suna lalube da hannu. Baba Labbo yana can bakin ɓarakar shi kaɗai yana jefa buhun ƙasa, ruwa yana tafiya da shi. Sai da Garba ya iso da makulli aka rufe ƙofa.

Da yamma Garba ya shigo ofis, rigarsa duk laka, ba raha a fuskarsa. Idonsa ya faɗa kan taga. Kwalabe uku a jere, fara, da mai hazo, da ja.

Ya ce, "Waɗannan biyun yaushe suka zo?"

Na gaya masa. Ya zauna a kan benci ya riƙe kai.

Ya ce, "Sahabi, hedikwata za su turo kwamiti. In suka ga kwalaben nan, ni na tafi, kai ma ka tafi, kai da ko tabbatar da kai ba a yi ba. Ka tuna da tsohonka a Dosara. Abin da babu shi a rijista bai faru ba."

Bai ce in zubar ba. Ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ni da hannuna na kwashe su bayan ya tafi, na zagaya bayan ofis na tuttular, na ɗebo ruwa a randa na ɗauraye su tas, har da yashi na cuɗa ta ukun don lakar ta kama. Na tura su ƙarƙashin gadona.

Ran Laraba ya kawo rahoton da ya rubuta da hannu, na buga. Layin farko cewa ya yi jinga ta ɓalle "suddenly" da safiyar Litinin. A makaranta malaminmu ya koya mana kalmar a cikin tatsuniyoyin littafin karatu, ana tafiya ana tafiya sai kura ta ɓullo. Ya ce ma'anarta kwatsam, ba zato ba tsammani, farat ɗaya. Muna son ta ƙwarai, kowane insha'i sai mun cusa ta sau uku. Garba ma ya ce da ita rahoto ya fi tafiya lami lafiya, don abin da ya zo kwatsam daga Allah ne, ba a tuhumar kowa. Ni ma haka na ɗauka. Na ce a raina kowa ya tsira ke nan, har tsohon.

Mako na zagayowa kwamiti ya zo, mutum uku. Shugabansu wani dattijon injiniya ne, Injiniya Tukur, mai farin tabarau, ya yi karatu a ƙasar waje amma Hausarsa ta Sakkwato ba ta goge ba. Ya fara zuwa wajen ɓarakar, ya sauka da ƙafarsa, ya daɗe yana murza ƙasa a yatsa. Sannan aka zauna a ofis. Ni ke rubuta abin da aka faɗa. Garba na gefe, Baba Labbo yana tsugune bakin ƙofa, ya ƙi hawa benci.

Injiniya ya ɗauki rahoton ya sa yatsa a kan kalmar, ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Garba ya ce shi ne, akawu ya buga. Injiniya ya juyo gare ni.

"Akawu, ka san ma'anarta?"

"Kwatsam, ranka ya daɗe."

"Ka san daga ina ta fito?"

Na ce ban sani ba. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce Turawan Ingila ma aro suka yi daga Faransanci na dā, su kuma suka gada daga Latin, harshen Rumawa. A can tushen, ma'anarta abin da ya biyo ta ƙarƙashi, ya lallaɓo ba a ankara ba. Ya ce, "Ka ga ke nan tun asali ba a ce abin bai yi tafiya ba. Ya yi tafiyarsa, ido ne bai bi shi ba. A tatsuniya ka sa ta yadda kake so. A rahoto kuwa, wanda ya rubuta ta shaida ya bayar cewa ba wanda ya ga alama. Ni kuma na shekara talatin ina aikin ƙasa da ruwa, ban taɓa ganin jingar da ta ɓalle ba sallama ba."

Ya yi wa sauran 'yan kwamitin bayani. Ya ce ruwa yakan huda jinga ta ƙasa a hankali. Muddin abin da ke tsattsafowa garai yake, da sauƙi. Ranar da ya fara fitowa da laka, to jinga tana cin kanta ne daga ciki. Sannan ya faɗi maganar da har yau nake jin ta a kunnena. Ya ce, "A makarantar da na yi, abin da ake koya mana shi ne ka ɗebi ruwan a kwalba ka ajiye, bayan kwana biyu ka sake ɗiba ka gwada. Da wani ya kawo mini kwalba ɗaya mai laka, da a ranar na rufe ƙofa."

Biro ya tsaya a hannuna. Ban ɗaga kai ba, amma ina jin inda Baba Labbo yake tsugune kamar yadda mutum ke jin wuta a gefensa.

Injiniya ya ce, "Baba, kai ke bin jingar nan safe da yamma. Ba ka ga komai ba?"

"Na gani, ranka shi daɗe."

"Ka faɗa wa wani?"

Tsohon ya ce, "Abin da nig gani na kai shi inda ni ka kaiwa."

"Ina ne nan?"

Tsohon ya juyo. Ya dube ni sau ɗaya, ba da harara ba, irin kallon da yake yi mini in ya ajiye kwanon tuwo. Jira yake in yi magana da kaina. Ba zai tona yaron da ke cin tuwon gidansa a gaban manya ba, wannan ba ya cikin tarbiyyarsa.

Injiniya ya ce, "Akawu, akwai rahoton mai gadi a rijista?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, babu shi a rijista. Ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan gaskiyar muni ba. Injiniya ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya rufe fayil. Hukunci ya fito bayan kwana goma. Tunda jinga ba ta ɓallewa ba alama, kuma ba a samu rahoto ba, to mai gadi ne ya gani ya yi sakaci. Aka ja wa Garba kunne a takarda. Aka sallami Baba Labbo. Ni na buga takardar sallamar, ni na miƙa masa, ni na karanta masa ita da Hausa.

Rasa aikin bai kai abin da ya biyo baya ba. Labari ya shiga Dakko cewa kamfani ya bincika ya gano Labbo ya ga ruwa na huda jinga ya yi shiru. Mutanen da suka rasa amfanin shekara 'yan'uwansa ne, da surukansa, da abokan tasowarsa. Mutumin da ake kira rabon gado da sasanta rikicin iyaka ya koma in ya zo majalisa hira ta mutu. Kwanon tuwo bai daina zuwa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sai dai tsohon ba ya zama, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya. Ni kuma in kasa ci, in zuba wa karnuka da safe.

Kafin damina ya yanke shawarar komawa Damaga, wajen 'yarsa da ke aure can. Ya zo yi mini ban kwana da la'asar. A ranar ya yi gaisuwar nan tasa cikakkiya, har da mahaifina. Da ya gama ya ce, "Malam Akawu, kwalaben nan na Kulu na, da su taka awon mai. In ba a aiki da su, in mai da mata."

Na shiga ɗaki na jawo su daga ƙarƙashin gado. Zaren kaba yana nan a wuyansu da ƙulle-ƙullensa. Ya karɓa ya ɗaga ta ukun wajen haske, ya juya ta.

Ya ce, "Ka wanke su."

Na ce, "Eh, Baba."

"Sun hita ƙwarai. Na gode."

Ya zuba su a aljihun taguwa, ya bi jinga ya tafi yana ɗingishi. Na tsaya a bakin ƙofa har ya wuce tsamiya. Bayan tafiyarsa na ƙara shekara biyu a ofishin nan, an tabbatar da ni, kuma ba wanda ya sake zama a bencin.

Na taɓa rubuta wa Injiniya Tukur wasiƙa na faɗi komai, bayan kamfanin ya watse na samu wani aikin. Jarumtar bayan yaƙi ke nan. Ban samu amsa ba, ban ma san ko ta isa ba. Sai da na shekara shida ina cewa gobe, sannan na hau mota zuwa Maradun, na ƙarasa Damaga. Na tarar da surukinsa a ƙofar gida yana gyaran garma. Na ce Baba Labbo nake nema. Ya ce, "Ai ka makara, malam, bara ya rasu. Bai yi wani ciwo ba, kwatsam dai muka wayi gari."

Sai na ji muryar tsohuwa daga zaure. "Wane kwatsam? Tun ranar da munka baro Dakko shika raguwa, kaɗan kaɗan, ku na ba ku duba ba."

Inna Kulu ce. Ban taɓa ganin fuskarta ba sai ranar, tuwonta kawai na sani. Na durƙusa na ce ni ne Sahabi akawu. Ta ce ta gane, ai ba wani ɗan boko da zai biyo su nan. Na fara bayani, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Kwalabe ukku yat tahi da su cike, yad dawo da su wankakku. Ai ba yarinya ta ba ni. Na ce mai shi koma shi hwaɗa ma gari, yac ce yaro na, uwayenai na dubin hannunai, gonarsu na cikin ruwa. Yac ce in ci gaba da tuƙa maka tuwo."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba ni ka yahe maka ba. Mai yahewa ya yahe tun rannan, bai jira ka roƙa ba." Ta sa aka kawo mini ruwa na sha. Na yi kuka a zauren nan, ba na jin kunyar faɗa muku.

To ga abin da na koya, na kuma biya shi da mutuncin wani, ba da nawa ba. A aikin nan namu takarda tana da ƙarfin da ba ta cancanta ba, kuma mutanen da suka fi sanin inda abu ke lalacewa yawanci su ne ba sa iya cika fom. Mai gadi, da mai shara, da direba, da lebura. Ba sa zuwa da rahoto irin namu. Wani kwalba zai kawo, wani zai ce "abin nan dai", wani gaisuwa kawai zai tsawaita ya tsaya yana kallonka. In ka kasa karantawa, ko ka karanta ka ji kunyar a yi maka dariya, ran da abin ya faru sai ka nemi kalmar nan ka laɓe a bayanta. Ita kuma ba ta rufa wa kowa asiri kyauta, sai ta nemi wanda ba shi da biro ta faɗa kansa.

Kalmar ba ta da laifi, Nafisa. In tsawa ta faɗo, rubuta ta, zan sa hannu. Amma rufin sito ba tsawa ba ne. Ɗauki takardarki ki sauka ƙasa wajen Malam Isa mai gadi, ki tambaye shi tun yaushe rufin ke ɗiga, kuma wa ya gaya wa. Ki samu wuri ki zauna, ki bari ya gama gaisuwa. In ma sunana ya kama, ki rubuta.